Muryar Mai Zare

A shagon gyaran gashi da ke saman wani kantin magani, kujera ta uku daga ƙofa ita ce ta Mai Zare. Shekara goma sha ɗaya ta yi a bayan kujerar nan, har daɓen wurin ya dushe daidai inda take kafa ƙafafunta. Sauran 'yan shagon suna kitso, suna wankin kai, suna busarwa. Ita aikinta ɗaya ne, cire wa mata gashin fuska. Takan ja farin zaren ɗinki kamar kamu biyu, ta ƙulla bakinsa, ta murɗa shi sau bakwai a tsakiya, ta zura yatsu ta kowane gefe. Sai ta shafa wa mace hoda, ta buɗe wannan hannu ta rufe wancan, murɗin yana gudu a kan fata yana tumɓuke gashi tun daga saiwa. Kafin mace ta gama cije leɓe an gama.

Ta iya, kuma ta san ta iya. Ga ta da baki, ga murya siririya mai daɗin ji, wadda ake jiyowa tun daga matakala.

"Anti, wannan gashin bakin naki ai ya kusa kamo na maigida," in ji ta. "In kun tashi da safe wa ke fara gaida wani?"

Sai matar ta yi ta dariya hawaye na zuba, rabi na dariyar, rabi na zafin zare. Reza kuwa ba a ambatarta a gabanta. Duk wadda ta zo da alamar ta kankare haɓa sai ta sha faɗa kamar ta yi sata, wai reza ta maza ce da mahauta. A wurinta mace ta fita cikin mutane da gashi ko guda a haɓa, babu abin kunyar da ya kai wannan.

Aure ta taɓa yi, bai yi tsawon rai ba, ta kwaso kayanta ta dawo wurin mahaifiyarta. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani dogon gidan haya, da ɗan banɗaki wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Inna ta makance shekara takwas kafin nan, ciwon suga ya cinye idon. Kunnen ma ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Yayar Mai Zare tana aure a can wata unguwa da 'ya'ya biyar, takan zo da rana ta zauna da tsohuwar. Amma wanka da ciyarwa da yankan farce da juya ta a gado, duk na ƙaramar ne. Inna ba ta san wata Mai Zare ba, Auta take ce mata. Kullum da yamma in ta turo ƙofa ta ce, "Inna, na dawo," sai tsohuwar ta juyo da fuska tana murmushi.

"Ko cikin mata dubu kika yi tari sai na gane ki," in ji ta.

Mai Zare tana da shekara talatin da uku ta ga gashi uku a haɓarta, baƙaƙe masu kauri. Ta yi tsaki ta cire. Bayan mako suka dawo da 'yan uwansu. Kafin wata shida abin ya kewaye haɓa da kumatu, ya gangara wuya, ya ɓullo a tsakiyar ƙirji. Al'ada ta fara wasa, daga baya ta ɗauke ɗungurungum. Ƙuraje suka feso mata a baya irin na samari. Gashin kanta kuma, wanda shi ake so ya zauna, ya fara ja da baya ta gefen goshi, sai ta ƙara sauko da ɗankwali. Damatsanta suka yi tauri. Da sai ta jira Yaya sannan su kama Inna su kai ta banɗaki, yanzu ita kaɗai ke ɗaukar ta cak. Wannan kam har daɗinsa ta ji, ta ce aiki ne ya gina ta.

Da wata mace ce da tuni an gani, an yi gulma, gulmar ta kai ta asibiti. Ita kuwa kowace safiya kafin ta dafa ruwan wankan Inna sai ta tsaya gaban ɗan madubin da ke bayan ƙofa, ta yi wa kanta aikin da take wa mutane. Minti ashirin da fari, daga baya arba'in. Ta bi da hoda. 'Yan shagon da suke wuni da ita, waɗanda gashi ne sana'arsu, babu wadda ta taɓa lura.

Da al'adar ta yi wata biyar ba ta zo ba, ta shirya zuwa asibiti. Ran nan ma ta fi kowace rana tsayawa gaban madubi, don ba za a ce Mai Zare ta je gaban likita da ƙazamar fuska ba. Likitan matashi ne, layi ya yi masa yawa. Ya yi gwajin ciki, babu. Sai ya ce ta matso kusa da taga. Ya ɗaga haɓarta, ya duba ta nan, ya duba ta can.

"Akwai abin da na yi zargi," in ji shi, "amma fuskarki sumul take. Ba shi ba ne. Gajiya ce da tunani, Malama. Ki sha wannan, ki dinga hutawa."

Abin haushi, daɗi ta ji. Kalma ɗaya ce tsakaninta da gaskiya a ranar, ba ta faɗe ta ba. Ta sauko daga matakalar asibitin ranta fari ƙal, tana cewa a zuci ko likita da idonsa bai iya kama aikinta ba.

Sai murya ta fara. Da fari dishewa ce kamar ta mura. Ta sha zuma da lemun tsami, ta daina ruwan sanyi. Ta sake komawa asibiti, da fuska sumul kamar kullum, wani likitan ya ce warin mayukan shago ne da zafin na'urar busar da gashi, ya ba ta maganin tari. Muryar ta ci gaba da gangarawa ƙasa, wata bayan wata, har ta zama in ta yi magana ita kanta tana jin amon a ƙirjinta. Wata rana wata baƙuwa tana zaune kai buɗe ana taje ta, Mai Zare ta yi magana daga baya, matar ta zabura ta rarumo mayafi. Aka yi dariya aka ba ta haƙuri. Da yamma mai shagon ta ja ta gefe.

"Ƙanwata, kar ki ji haushi. Ki ɗan rage surutu har maƙogwaron ya warke. Hannunki suke zuwa nema, ba baki ba."

Daga ranar barkwancin kujera ta uku ya ƙare. Wannan bai dame ta can can ba. Abin da ke jiran ta a gida shi ne babba.

Don a daidai wannan lokacin kan Inna ya fara ruɗewa. Takan tambayi mijinta da ya rasu shekara ashirin ko ya ci abinci. A gaya mata magana yanzu, anjima ta gudu. Tun da muryar ta fara sauyawa takan ce, "Auta, wannan mura taki ba ta jin magani?" sai a ce mata eh, ta karɓa. Amma wata safiya, tana zaune a kan ƙaramar kujerar roba a banɗaki, jikinta duk kumfa, Mai Zare ta ce mata:

"Ɗaga hannu, Inna."

Tsohuwar ta ƙwalla ihu. Ta dunƙule, ta rufe ƙirji da hannuwa biyu, tana lalube tana neman abin rufa.

"Wane ne? Wane ƙato ne a kaina? Jama'a, namiji a banɗaki! Auta! Auta, kina ina?"

"Ni ce, Inna, wallahi ni ce."

Kowace kalma ƙara haukata ta take yi. Ta kai duka, ta zame daga kujerar, gwiwarta ta bugi bokiti ta fashe. Maƙwabta suka cika ƙofa. Matar da ba a taɓa ganin ko gashin kanta a waje ba, ran nan a gaban mutane aka naɗe ta da zanin gado. Sai da Yaya ta zo ta zauna ta yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ciwon maƙogwaro ne ya kama Auta. Inna ta ce to, Allah ya sawwaƙe. Bayan awa guda Mai Zare ta ce, "Ga shayi," tsohuwar ta ja bargo har ka.

Mai Zare ta gwada komai. Ta gwada raɗa, kunnen Inna ba ya kamawa. Ta gwada maƙale murya ta sirantar da ita, sai ta tsage a tsakiya, Inna ta ce wane ɗan banza ne ke kwaikwayon 'yarta. A ƙarshe ta gano hanya ɗaya tak. In ta shigo ba ta ce komai ba, ta kama hannun tsohuwar, Inna takan shafa yatsun har ta kai ga kantar da zare ya yi mata a ɗan ali da babban yatsa, sai jikinta ya saki.

"Auta ce," in ji ta. "Kin dawo?"

Sai ta matsa hannun sau ɗaya, alamar eh. Haka suka zauna. Ta yi mata wanka shiru, ta ba ta abinci shiru, ta taje mata furfura shiru. Tsohuwar ta daina tsoro, amma wani abu ya maye gurbinsa.

"Auta, me na yi miki ne? Kwana nawa ba ki ce min uffan ba. In gajiya kika yi da ni ki faɗa, ai na san ɗawainiyata da nauyi."

Mai Zare takan kifa goshi a kan gwiwar uwar, hawaye na jiƙa zanin. Inna ta shafa kanta ta ce, "Kina kuka kuma ba za ki yi magana ba. To, Allah ya huci zuciyarki."

Abin da ya tona asirin ƙarfen miƙar da gashi ne. Wata 'yar shagon ta ajiye shi da zafinsa a kan teburin Mai Zare, ita kuma ta kai hannu ɗaukar hoda ta damƙe shi. Tafin hannun dama ya sale. Aka naɗe shi har yatsu. Zare kuwa hannu biyu yake so. Yaya ta kawo mata reza, Mai Zare ta ce ko kusa, ita da ta yi shekara goma sha ɗaya tana zagin masu yi. Ta sayi takunkumin rufe hanci da baki ta ɗaura, ta ce mura. Kwana goma sha biyu gemun ya samu sarari, ya fito yadda yake so.

Ranar da ta je a sake mata wankin ƙunar, wata likita ce dattijuwa a ɗakin, tana rubutu. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi ko hannun na zafi, Mai Zare ta ce da sauƙi. Likitar ta ɗago kai.

"Baiwar Allah, tun yaushe muryarki take haka?"

"Mura ce."

"Sauke abin fuskar nan in gani."

Ta so ta ƙi. Likitar ba mai wasa ba ce, ta tsare ta da ido har ta sauke. Babu wanda ya yi dariya. Likitar ta ajiye alƙalami, ta jero tambayoyi, al'ada, gashin kai, ƙirji, ƙarfin jiki, kamar wadda take zaune a bayan ƙofar nan tana kallon ta kowace safiya. Aka ɗebi jini. Aka tura ta babban asibiti aka shigar da ita na'urar ɗaukar hoton ciki. Bayan mako biyu ta dawo tare da Yaya, likitar ta zana musu hoto a bayan takarda.

"Wannan ƙoda ce. A samanta akwai wata 'yar tsoka ƙarama, kamar hula. Kowa na da ita, hagu da dama. Cikin aikinta har da fitar da sinadarin maza, ɗan kaɗan, ko a jikin mace. To taki ta hagu ƙari ya fito mata, ya kai girman ƙwan kaza, shi ke ta zuba sinadarin nan a jininki ba dare ba rana. Shi ya kawo gemun, shi ya tsayar da al'ada, shi ya taɓa murya. Za a cire." Ta buɗe tsohon katin, ta karanta, ta girgiza kai. "Shekara biyu da suka wuce abokin aikina ya yi zargin wani abu irin wannan. Ga shi ya rubuta babu gashi a fuska. Ina gashin ya tafi ran nan?"

"Na cire," in ji Mai Zare.

"Da me? Reza ai tana barin shaida."

"Da zare. Sana'ata ce."

Likitar ta dube ta. "Lallai kin iya," in ji ta, ba da sigar yabo ba.

"Likita, in an cire, muryar za ta dawo?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Al'ada za ta dawo da yardar Allah. Gashin zai ragu a hankali. Amma jijiyoyin murya in suka yi kauri ba kasafai suke komawa ba. Da tana dishewa aka kama shi, da wata magana ce."

Yaya ta ce a dai gode wa Allah.

Aka yi aikin. Aka auna abin da aka ciro aka ce ba mai yaɗuwa ba ne, 'yan shagon suka zo da lemo suna ta barka. Ta gode wa Allah, da gaske ta gode, don ta ga matar gadon kusa da ita wadda aka gaya wa akasin haka. Bayan wata biyu al'ada ta dawo. Ƙurajen suka mutu, gemun ya yi laushi ya ragu, aikin madubi ya koma minti biyar. Ƙarfin ma ya tafi, aka koma kama Inna mutum biyu. Kullum da safe in ta fita tsakar gida ɗiban ruwa takan gwada, a hankali, ta ce "Inna." Muryar na nan inda take.

Kwana tara da Mai Zare ta yi a asibiti kuwa sun zauna wa tsohuwar a rai, ita da ba ta riƙe komai. Ta ce Auta ta yi yaji. Yaya, garin neman gyara, ta tono wani tsohon saƙon murya a wayarta, na shekara uku baya, ta kanga wa Inna a kunne. Siririyar muryar nan ta fito tana cewa, Yaya, in za ki taho ki biya ki sayo sabulu, wanda ba ya ƙamshi, wancan yana sa Inna ƙaiƙayi. Fuskar tsohuwar ta washe, har ta buɗe baki za ta amsa. Sai kuma ta fasa.

"Kin ji ko," in ji ta. "Da ke tana magana. Ni ce dai ba ta yi da ni."

Ba su sake kunna mata ba.

Inna ta kai wata bakwai bayan aikin. A makon ƙarshe ta daina cin abinci, sai ruwa da cokali. Wata rana da la'asar, rana na shigowa ta taga, yaran gidan na wasa a waje, 'ya'yan nata biyu suna zaune a bakin gado. Numfashinta ya sauya tun safe, dukansu sun san abin da ake ciki. Ta motsa hannu tana lalube. Mai Zare ta ba ta nata. Ta shafa, ta gane.

"Auta."

Mai Zare ta matsa hannun sau ɗaya.

"Ni dai tafiya zan yi. Na yi ta tunani ban gano abin da na yi miki ba. Ko lokacin da kika baro gidan mijinki ne, na ce ki koma? Ko baƙar magana na faɗa cikin ruɗewa? Ko mene ne, ki yafe min."

Ta matsa hannun, ta sake matsawa, ta kai shi bakinta ta sumbata.

Yaya ta sunkuya saitin kunne ta ɗaga murya. "Inna, ta ce ba ki yi mata komai ba. Ta ce ta yafe, duniya da lahira."

"Ke ba da ke nake ba. Kullum ta ce, ta ce. Ita ba ta da baki? Auta, ki faɗa da bakinki in ji. Sau ɗaya. Kar ki bar ni in tafi da wannan."

Yaya ta dube ta tana girgiza kai, kar ki yi. Mai Zare ta san abin da zai faru in ta buɗe baki, ta kuma san abin da tsohuwar za ta tafi da shi in ba ta buɗe ba. Ta yi gyaran murya a hankali. Ta tattaro duk abin da ya rage mata, ta ɗaga shi sama iya yadda maƙogwaron zai kai, ta matso da bakinta kunnen uwar.

"Inna, ni ce Auta. Ban taɓa fushi da ke ba. Na yafe miki, ke ma ki yafe min."

Hannun ya zame daga nata. Da ɗan ƙarfin da babu wanda ya zaci yana nan, tsohuwar ta jawo bargo ta rufe ƙirjinta har wuya, ta juyar da fuska bango. Ba ta yi ihu ba, babu sauran numfashin yin sa.

"Bawan Allah," in ji ta, da ladabi, "ka ɗan ba mu wuri. 'Yata nake jira ta yi min magana."

Mai Zare ta miƙe, ta taka da ƙarfi har bakin ƙofa don a ji fitar, ta buɗe ta rufe. Sannan ta cire takalmi, ta dawo a kan yatsun ƙafa, ta zauna, ta mayar da hannunta cikin na uwar. Inna ta shafa ta gane, ta riƙe gam.

"Yauwa, ya fita. To faɗi, Auta, ina jin ki."

Tana nan tana sauraro har rai ya yi halinsa, kafin faɗuwar rana.